Fangali Uku na Gindin Gawo

Siddiƙu ɗan Mainasara mutumin Taloka ne, malamin firamare. In ka gan shi yau bisa babur da buhun taki a baya, ba za ka ce ya taɓa yin suna har birnin Sakkwato ba. Ya yi kuwa, na mako uku ko huɗu, kuma ba ya son a tuna masa.

An haife shi a shekarun da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara sauya wa mutane zama. Da can, in an kai gero rumbu sai maza su ɗaure 'yan kayansu su tafi cin rani. Da ruwa ya samu, rani ya koma shi ne lokacin aiki. Mainasara na cikin waɗanda suka fara zama gida. Ya samu fili a fadama, ya yanka shi fangali-fangali, 'yan kwamin nan da ake cika wa ruwa ɗaya bayan ɗaya, ya kama noman albasa, bai kuma sake ta ba. Mutum ne mai kaurin wuya da ƙarancin magana. In ya yi maka sallama ya tambayi gida, to ya gama hirar ranar.

Ɗan bai ɗauko shi ba. Siddiƙu tun yana ƙarami bakinsa ba ya rufuwa, idonsa kuma ba ya barin takarda. Ko wadda aka ƙunso ƙosai ce sai ya warware ta ya ga abin da ke jiki, mai na naso a yatsunsa. Ya yi allo, ya yi boko, ya je Sakkwato ya samo takardar malanta, ya dawo aka ba shi aji huɗu. Ya yi aure, Allah ya ba shi ɗiya biyu mata. Duk wannan bai kashe abin da ke ransa ba, wato a ce wata rana ga littafi, ga sunansa a bango.

Shekara uku ya yi yana bin tsofaffi daga Taloka har Wurno, suna ba shi labarin yadda fadama take kafin dam: tafkunan da suka ɓace, kifin da aka daina gani, ƙauyukan da suka tashi. Ya haɗa, ya sayar da ragon da yake kiwo da nasa rabon albasar shekarar, ya kai wata maɗaba'a a birni aka buga masa guda ɗari biyar. Ya dawo da kwali huɗu yana tafiya kamar wanda ya sauko daga Makka. Ya raba ashirin kyauta, aka sayi goma sha ɗaya. Sauran ba su da wurin zama a ɗaki, sai ya roƙi ubansa wani lungu a rudu, rumfar karan da ake jera albasa don ta sha iska. Can suka yi wata bakwai. Matarsa Ruƙayyatu ta ce yanzu kam littafin ya yi ƙarfi, don duk wanda ya buɗe shi sai idonsa ya kawo ruwa.

Wanda ya nuna masa hanya shi ne Abdulƙadiri, abokin karatunsa, mai shagon gyaran waya da caji a Achida. Siddiƙu ya kai masa waya gyara, ya zauna bisa benci yana kukan mutanenmu ba sa karatu. Abdulƙadiri bai ko ɗago kai daga wayar da ya buɗe ba.

"Kai Siddiƙu, wa as san da kai? Mai hura ma sai ta yi talla. Kai ka aza littahi cikin rudu kana jiran mai saye shi shinshino shi."

Ranar ya buɗe masa shafi a intanet, irin wanda ake kira bulog. Ya ce masa ya ɗauke shi kamar rumfa a kasuwar da ba ta tashi. Duk mako zai rubuta wani ɗan abu, mutane su karanta kyauta har su saba da shi, a ƙasa kuma ya sa hoton littafin da lambar wayarsa. Ya ba shi sharaɗi uku: kada mako ya wuce bai sa komai ba, kada ya sa rubutu ba hoto, kuma ya riƙa biɗar abin da ke taɓa zuciya, don tarihin tafki ba ya sa mutum ya tura wa ɗan'uwansa.

Siddiƙu ya kama da gaske. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya hau tudun bakin kanal, inda sabis ya fi ƙarfi, ya ɗaga waya sama kamar mai kiran shaho. Shafin yana nuna yawan waɗanda suka leƙa. Wani mako goma sha huɗu, wani tara, kuma ya san uku daga ciki shi ne. Ya rubuta a kan shekarar da ruwa ya ci gonaki. Ya rubuta yadda ake daka lawashi, ganyen albasa, a dunƙule shi ya bushe ya zama gabu na miya. Wata shida, littafi huɗu ya ƙara sayarwa. Ya zama in yana tafiya cikin gari ba ya ganin mutane, abin rubutawa yake gani.

To, a Taloka akwai wata tsohuwa, Inna Hauwa'u, matar marigayi Malam Sodangi, Allah ya jiƙansa. Malam shi ya karantar da Mainasara da rabin mazan garin. Ya rasu shekara goma sha tara kafin wannan lokaci, ya bar littattafai, da gida mai zaure, da ɗa guda, Mu'azu, wanda ke koyarwa a wata Islamiyya a Raɓa, abin da yake samu da ƙyar yake kai iyalinsa ƙarshen wata. Gida ne da aka saba shi ke ciyar da baƙo, ba a taɓa ganin ya miƙa hannu ba. Bayan ta fita takaba mutane sun yi ta aika abinci, ita kuma tana mayar da kwano da abin da ya fi wanda aka kawo. In an kai zakka sai ta nuna gidan da ya fi bukata. A hankali kowa ya janye, don kada ya ja mata hasara. Mu'azu kuma ba shekarar da ba ya roƙonta ta koma Raɓa, amsarta guda ce: tana ci da kanta a ɗakin mijinta, ba ta rasa komai ba, mi zai kai ta ta zama kaya ga matar wani?

Abin da take ci da kanta kuwa kala ce. Kala ba bara ba ce. In mai gona ya kwashe amfaninsa, abin da ya kuɓuce masa na wanda ya tsinta ne, haka aka taso aka gani, kuma ba wanda ke jin nauyin yinta. Tsofaffin mata kan bi lambuna bayan an cire albasa, kowacce da ƙwarya da 'yar kalme, ƙaramar fartanyar tono. Don girman Malam, aka bar wa Inna Hauwa'u wurinta ita kaɗai, fangali uku na ƙarshen lambun Mainasara, waɗanda ke gindin gawo. Sauran mata su samo 'yan ƙwalaƙwalai kamar goro, ita kuwa safiya huɗu ko biyar tana tono, ta haɗa buhu biyu da wani abu na manya. Ta adana su sai damina da albasa ta yi tsada, tana fitarwa kaɗan-kaɗan. Sabulunta ke nan, da manta, da goron zuwa suna.

Kuma duk shekara, in ta haɗu da Mainasara a bakin lambu, sai ta tsaya ta dafa ƙugu, a gaban ko wa ke nan.

"Mainasara, haka Malam yak koya maka aiki? Rabin albasa ka bari cikin ƙasa. Da karatu na, da ka sha bulala."

Shi kuma, ƙaton mutum mai furfura, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, wurin ga laka ta, tana riƙe albasa." A yi dariya, a watse. Siddiƙu kuwa, da yake kamar jika yake gare ta, maigida take kiransa. Maigida rago, mai noman takarda, wanda bai taɓa kawo mata ko tsinken kifi ba. Shi kuma ya ce sai ta fara yi masa tuwo mai laushi.

A cirar albasar shekarar da ake magana, Siddiƙu ya zo lambu ranar Asabar yana biɗar hoto, don Alhamis biyu ke nan ba shi da abin kirki. Ya lura da abin da ya sha gani bai taɓa kula ba. Da ma'aikata suka kusa gawo, sai uban ya ce su koma ɗaurin buhu, shi zai ƙarasa. Siddiƙu na daga bayan tarin lawashi yana kallo. Mainasara ya duƙa. In ya zo kan ƙaramar albasa sai ya cire ta tsaf ya jefa gefe. In ya zo kan babba sai ya murɗe ganyen daga wuya ya fizge, albasar ta zauna cikin ƙasa, ya ja ƙasa da gefen ƙafa ya rufe, ya danna da diddige, ya wuce. Hannu da ƙafa suna yi ba tare da ya duba ba, kamar mai jan tasbaha.

Da aka tashi, Siddiƙu ya koma shi kaɗai ya tona wuri guda da yatsa. Ƙasar sakwaf take, ba laka ba ko kaɗan. Albasar da ya ciro ta cika tafin hannunsa. Ya mayar da ita ya rufe.

Gaskiya ita ce, abin da ya fara zo masa ba shafi ba ne. Ƙwalla ce ta zo masa, da son ubansa irin wanda bai taɓa ji ba. Mutumin da yake ɗauka ba ya da labari ashe shi ne mai labarin. Sai dai kafin ya kai gida, zuciya ta riga ta fara jera masa jimloli. Washegari da hantsi ya laɓe bayan tudun kanal, ya ɗauki Inna Hauwa'u hoto daga baya, tana duƙe gindin gawo da saƙin zanenta baƙi mai ratsin fari, wanda ko akuyar Taloka ta san na wa ne.

Kwana huɗu yana rubutu, kuma bai taɓa yin mai kyau kamarsa ba. Bai faɗi sunanta ba, ya ce wata tsohuwa, matar wani malami. Da wannan ya rarrashi kansa. Amma ya faɗi sunan ubansa, ya faɗi garin, ga gawo a hoto. Inda labarin ya yi masa sanyi kuma ya ƙara gishiri. Ruƙayyatu ta ji yana karanta wa kansa a tsakar gida, tana tankaɗe, ta tsaya ta tambaye shi ko Baba ya sani. Ya ce mata ai yabo ne, kuma wa ke neman izini kafin ya yabi mahaifinsa? Ta ci gaba da tankaɗenta. Shi ma ya san ba amsa ya ba ta ba. Ran Alhamis ya tsaya bisa tudu, yatsansa ya daɗe a sama, sannan ya danna.

Kafin Juma'a ta fita, masu karatu sun kai ɗari bakwai. Ran Litinin sun wuce dubu tara. Abdulƙadiri ya kira shi yana dariya, ya ce ai ga shi, rumfa ta ci kasuwa. Aka yi ta tura labarin daga waya zuwa waya, wani malami ya kawo shi misali a wa'azi, aka karanta shi a wani gidan rediyo. Wayar Siddiƙu ba ta huta ba. Daga Sakkwato, daga Gusau, har wani daga Kano, kowa na son littafin ɗan wannan bawan Allah. Ya shiga rudu ya fito da kwali na farko, ya karkaɗe ɓawon albasa, ya kai tasha. A makaranta malamai suka koma kiransa marubuci. Kwanakin nan ko tafiyarsa ta sauya, Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Taloka ba ta cika karatu a waya ba, amma tana da samari, samari kuma suna da uwaye. Cikin mako guda ba gidan da ba a ji ba. A masallaci aka fara tare Mainasara ana riƙe hannunsa da hannu biyu, ana ce masa mai sadakar ɓoye. Ya daina zama majalisar bayan la'asar. In liman ya sallame sai ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita ta ƙofar gefe. Bai ce wa ɗansa uffan ba. Siddiƙu ya ce a ransa kunyar yabo ce, za ta wuce.

A mako na uku, ranar Asabar da hantsi, wata farar mota ta shigo gari tana tambayar hanya. 'Yan wata ƙungiyar taimako ce daga birni, maza biyu da mata uku, da niyyarsu ta alheri, sun ɗauko buhun shinkafa da atamfa da jarkar mai. Suka tsaya a tsakiyar gari suna nuna hoton a waya, suna tambayar ina gidan tsohuwar nan da ba ta da kowa. Aka raka su, jama'a na biye. Siddiƙu ya ji labari ya taho da gudu, ya ishe an riga an sauke buhun a ƙofar zauren Malam Sodangi, ɗaya daga cikinsu na gyara tsayuwa zai ɗauki hoto.

Inna Hauwa'u ta fito da lulluɓinta. Ta sa aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta kawo ruwa da fura, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi hanya da mutanen gida. Da suka faɗi abin da ya kawo su, ta yi musu addu'a mai tsawo. Sannan ta ce an yi musu kuskuren kwatance, nan gidan malami ne, kuma masu gidan na nan da ransu. Ta faɗa musu gida biyu a bayan kasuwa inda akwai marayu. Ta shiga ciki ta fito da ƙullin gabu ta ba kowace mace, ta ce tsaraba ce, ba a zuwa gidan Malam a koma hannu sake. Suka mayar da buhun mota suna kallon juna. Duk wannan Siddiƙu na tsaye jikin katanga, kusa da ita ƙwarai. Ba ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Mu'azu ya zo ran kasuwar Goronyo. A Raɓa ma labarin ya kai, har wani uban ɗalibi ya tambaye shi a gaban mutane ko ba garinsu ba ne, ko ya san ɗan tsohuwar. Suka haɗu da Siddiƙu a layin 'yan albasa. Mu'azu ya miƙa masa hannu, ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, gida, da yara, da aiki, da zafin rana. Bai saki hannun ba.

"Malam Siddiƙu, na ga rubutu. Hannunka na da kyau. Abu guda nika son tambaya. Inda kac ce ba ta da kowa, ni mutuwa niy yi, ko ba a haihe ni ba?"

Mu'azu ya jira kaɗan, ya saki hannun, ya ce a gaida Baba, ya wuce.

Daga nan Siddiƙu bai zarce gida ba, Achida ya nufa, ya ce wa Abdulƙadiri ya cire rubutun yanzu-yanzu. Abdulƙadiri ya cire, abin bai ɗauki minti guda ba. Sannan ya nuna masa a tasa wayar wurare biyar da aka kwafe shi, wasu da sunan Siddiƙu, wasu da sunan wasu, hoton Inna na sama. Ya ce masa wannan kam ba mai iya tsince shi, kamar gero ne aka watsa wa kaji.

Da marece ya ishe uban a rudu yana juya albasa, yana fid da masu laushi. Siddiƙu ya tsuguna ya kama tayawa. Suka yi ta aiki, ɓawo na ƙara. Can Mainasara ya yi magana, idonsa a kan aikin.

"Shekara goma sha tara ina aza ɗan guzuri inda ba mai gani, kai ka kwashe ka kai kasuwa. Wannan tsakanina da Allah na, shi as san ko ya karɓa. Amma ita, mi tay yi maka?"

Iyakar faɗan ke nan. Da duka ne da ya fi sauƙi. Ya ce masa gobe da safe ya tafi ya ishe ta.

Ya same ta a tsakar gida tana tsinkar zogale. Ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa nesa. Ta amsa gaisuwarsa lafiya lau, sai dai ba maigida, ba rago.

"Malam Siddiƙu," in ji ta, "an ce ka rubuta ni. Duniya duk ta ji, ni ɗai ta ban ji ba. Karanta min."

Ya ce ai an cire. Ta ce wanda ya rubuta ba ya rasa kwafi. Yana da shi kuwa, cikin wayarsa. Ya fara karantawa. Jimlolin da ya kwana huɗu yana gogewa suka riƙa fitowa daga bakinsa kamar tsakuwa. Ita tana tsinkar ganyenta, tana kaɗa kai kamar mai jin labarin wata. Da ya zo inda ya ce hannunta na rawa, hawaye na ɗiga bisa ƙasa, sai ta ɗaga yatsa.

"Dakata. Yaushe niy yi kuka?"

"Gyaran magana na, Inna."

"To. Ci gaba."

Ya karanta inda ya ce ba ta da kowa sai Allah. Nan ba ta tsayar da shi ba, hannunta dai ya tsaya cikin ƙwarya na ɗan lokaci. Ya kai ƙarshe. Ta ce saura, an gaya mata akwai wani abu a ƙasa. Ya ce ba cikin labarin yake ba. Ta ce ya karanta dai. Sai ya karanta, da muryar da shi kansa da ƙyar yake ji, cewa mai son littafinsa ya kira wannan lamba, ana aikawa ko'ina. Ta tambaya ko an saya. Ya ce an saya. Ta ce madalla, ashe ta yi masa kasuwa.

Sannan ta ajiye ƙwaryar.

"Tun shekarar farko nis sani. Wace laka ta ka riƙe manya ta saki ƙanana? Na sani, shi ma ya san na sani. Ina yi mishi hwaɗa shina sosa kai, kowa shi koma gida da mutunci nai. Kai ɗai na ka ɗauka ka gano wani abu."

Siddiƙu ya sa goshi kusa da ƙasa ya roƙi gafara. Ta yafe masa nan take, duniya da lahira, har ta yi wa ɗiyansa addu'a, kuma wannan ya fi masa nauyi da a ce ta kore shi. Ya ce to baɗi ta koma wurinta, zai tsaya da kansa ya ga ba wanda ya ce mata komai. Ta yi ɗan murmushi, ta ce da can kala take yi, yanzu in ta duƙa gindin gawon nan sadaka take karɓa a gaban gari. Ta ce kuma Mu'azu ya sake roƙonta jiya, ta biɗi amsarta ta kullum ta rasa. Ba za ta iya duban idonsa ta ce tana ci da kanta ba.

Bayan ƙaramar salla a-kori-kura ta zo daga Raɓa. Aka loda gado, da turmi, da littattafan Malam cikin gafakokinsu na fata. Mata suka cika tsakar gida ana sallama. Siddiƙu ya taya ɗaukar kaya, ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya sa shi. Mainasara bai zo ba, ya ce yana ba barkononsa ruwa. Da za ta shiga mota, Inna Hauwa'u ta miƙa wa Siddiƙu 'yar kalmenta, ƙotar ta yi santsi don riƙo. Ta ce ya kai wa ubansa, ya ce masa ya gyara aikinsa, yanzu ba mai bi masa baya. Mu'azu ya sa kwaɗo a ƙofar zauren da shekara hamsin ba a taɓa kulle ba.

Littattafan sun ƙare tas cikin wata guda. Masu maɗaba'a sun aiko a sake bugawa, bai amsa ba. Shafin na nan har yau, sai dai ba hoton littafi, ba lambar waya. Abin da yake sawa shi ne ranar da za a sako ruwa a kanal, da irin tsutsar da ta shigo albasa bana da abin da ya yi wa wasu magani. Mutum arba'in ko hamsin ke leƙawa, yawanci samarin da ke karanta wa iyayensu. Yakan je Raɓa gaisuwa duk salla. Tana zaune a wani ɗaki kusa da ƙofa, matar Mu'azu na kula da ita ƙwarai, ba ta rasa komai ba. Takan tambayi kowa da kowa na Taloka da suna. Malam Siddiƙu take ce masa.

Da cirar albasa ta zagayo, ya je lambu taya aiki. Ma'aikata suka kusa gawo, Mainasara ya ce su koma ɗaurin buhu. Ya duƙa. Ƙarama ya cire, babba ya murɗe ganye, ya ja ƙasa, ya danna da diddige. Siddiƙu ya tsaya yana kallo har aka gama fangali na farko. Sai ya ɗauko 'yar kalmen Inna daga inda take rataye a rumfa, ya bi bayan uban ya fara tono, don kada su lalace a banza.

"Bar su," in ji Mainasara, bai waiwayo ba.

Ya bari. Washegari tsofaffin mata suka zo kala da ƙwaryoyinsu. Suka bi lambun kaf, suna tsintar 'yan ƙanana. In sun zo kusa da gawo sai su karkata su bi ta gefe, kowacce na kallon wani wuri. Akwai cikinsu waɗanda suka fi Inna Hauwa'u bukata nesa ba kusa ba, Siddiƙu ya san su, ya san gidajensu. Amma duk garin ya san abin da ke cikin fangalin nan uku, shi ya sa ba wadda ta iya shiga.

Albasar ta zauna cikin ƙasa har ruwan farko ya sauka. Wadda ba ta ruɓe ba ta tsiro, kore shar, layi-layi yadda diddigen Mainasara ya bi. Hanyar makarantar Siddiƙu ta nan take bi, ba kuma wata.